Itacen Nashi a Bayan Gidanmu



A watan Nuwamba na shekarar 2018 muka dasa wani itace a bayan gidan da muke zaune, a wani ƙauye kusa da birnin Anje (Angers) da ke yammacin ƙasar Faransa. Tsawonsa a ranar bai wuce ƙirjin mutum ba, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, saiwoyinsa a waje an naɗe su da buhu, kai ka ce sandar makiyayi ce aka yi wa gemu. Euro 30 muka saye shi, watau kusan jika 20 na sefa. Labarin itacen nan muke so mu ba ku, domin mun san a cikinku akwai waɗanda ƴaƴansu ko ƙannensu ke zaune a ƙasashen sanyi, akwai kuma waɗanda su da kansu ke can, da ɗan fili a bayan gida, suna ta shawarar abin da za su yi da shi.

A wuyansa akwai wata ƴar takarda da aka rubuta "Nashi Hosui". Uwargida ta karanta, ta dube mu, ta ce, "Nashi? Na wa?" Muka yi dariya, muka ce ai sunansa ke nan da harshen Japan. Ta ce, "To, in nashi ne, me ya kawo shi gidanmu?" Daga baya muka gano cewa su ma mutanen Japan sunan yana yi musu wasa da kunne, domin a harshensu sautinsa ɗaya da na kalmar "babu". Shi ya sa mutanen da, don gudun mugun baki, sukan kira shi ari-no-mi, watau ɗan itacen "akwai", kamar yadda mukan ce igiyar ƙasa idan dare ya yi ba mu son ambaton maciji.

Tambayar uwargida wasa ce, amma ta taɓa inda ke yi mana ciwo. A 2014 muka baro Damagaram, muka sami aiki a wata gonar tuffa, iyali suka biyo mu daga baya. Shekara huɗu cur ba mu shuka abin da ke wuce damina ɗaya ba: tumatir, na'ana'a, kuɓewa a cikin tukwane, da yakuwar da sanyi ke kashewa tun ba ta nuna ba. Ba rashin fili ya hana mu ba. Duk wanda ya tambaye mu, amsarmu ɗaya ce: baɗi ko baɗin baɗaɗa za mu koma gida. Mahaifinmu limamin unguwa ne a Birni, amma kafin limanci manomi ne, yana da garka a wajen Mirya mai mangwaro da dabino da lemu, ya kuma san abin da dasa itace ke nufi. Da muka gaya masa a waya, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Shekara nawa yake yi kafin ya haihu?" Muka ce, "Uku zuwa huɗu, Malam." Ya ce, "To." Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san nauyin irin wannan "to". Mun kwana muna juya ta a zuci, muna tuna karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana ko wane irin itace ne wannan. Nashi ɗan uwan abin da Faransawa ke kira puwar ne, amma shi asalinsa gabashin Asiya ne, watau Sin da Koriya da Japan. Ɗansa kewayayye ne kamar tuffa, ba shi da dogon wuyan puwar ɗin Turai. Ya daɗe a hannun manoma, domin tarihin Japan ya nuna cewa tun a shekarar 693 sarauniya Jito ta yi umarni a yawaita dasa shi. Mutanen Japan sun kasa shi gida biyu: mai koren fata mai santsi, da mai jar fata mai ɗan kaushi. Shahararre a cikin masu koren fata shi ne Nijisseiki, wanda wani yaro ɗan shekara 13 ya tsinci tsironsa a kan juji a garin Matsudo a 1888. A cikin masu jar fata kuwa, Chojuro ne ya fara yin suna, wanda aka samu a Kawasaki a farkon shekarun 1890. Daga baya cibiyar binciken gwamnatin Japan ta fitar da Kosui a 1959, sa'an nan Hosui a 1972, su biyun nan kuma su ne aka fi nomawa a ƙasar. Ma'anar Hosui ita ce "ruwa mai yawa".

Jar fatar da suke faɗa, mu launin goriba za mu kira ta. Idan ɗan ya nuna sai ka ga kamar goribar da aka goge da mai, da ɗigo-ɗigon fari a jikinta. Wannan launi wani siririn ɓawo ne mai kama da toton kwalba da ke rufe ainihin fatar, kuma ba cuta ba ne, halittarsa ce haka. Mun ga baƙi da yawa sun ɗauka, sun jujjuya, sun ajiye, suna zaton ya lalace.

Dashen bai ba mu wahala ba, domin aikinmu ne na kullum. Faransawa sun fi son dasa itace a ƙarshen Nuwamba, wajen ranar 25 ga wata, lokacin da ya zubar da ganye ya yi barci, alhali ƙasa ba ta daskare ba. Muka zaɓi inda rana ke daɗewa, taku huɗu daga katanga. Muka haƙa rami mai faɗin santimita 60, muka cuɗa ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki, muka baza saiwoyin, muka kafa masa turke. Abin da muka fi kula da shi shi ne gaɓar aure, domin nashi, kamar mangwaron kirki, ɗan aure ne: sama Hosui, ƙasa wani puwar ɗin daji mai ƙarfin saiwa. Dole gaɓar ta zauna sama da ƙasa da faɗin tafin hannu, in aka binne ta an ɓata auren. Mun kuma yi dace da ƙasa, domin yankin Anje kashi biyu ne, akwai ɓangaren farin dutse mai alli da ɓangaren baƙin dutse. Nashi ba ya son alli, ganyensa kan yi rawaya a kansa, ƙauyenmu kuwa yana ɓangaren baƙin. Wata uku bayan dashen aka haifa mana ɗa namiji, muka sa masa sunan Malam, muna kiransa Abba.

Shekarar 2019 ganye kawai ya yi da rassa. A ƙarshen Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, ya yi furensa na farko, fari tas, kamar an barbaɗa masa auduga. Muka ɗauki hoto muka aika gida, ƙannenmu suka nuna wa Malam. Ba a yi wata ɗaya ba, furen nan duk ya kaɗe, ko ɗa ɗaya bai kama ba. Muka zargi taki, muka zargi iska, har muka fara zargin waɗanda suka sayar mana da shi.

Maƙwabcinmu na jikin shinge wani dattijo ne Bafaranshe, matarsa ta rasu, ya yi rayuwarsa duka yana aikin gonakin itatuwa. Shekara biyu muna maƙwabtaka, tsakaninmu da shi gaisuwa ce kawai daga nesa. A nan laifin namu ne, domin mun ɗauki kanmu baƙi masu wucewa, muna ganin ba mu da buƙatar ƙulla wata hulɗa. Wata rana da yamma ya tarar da mu tsaye muna duban itacen, sai ya jingina da shinge ya ce, "Yaro, ina abokinsa?" Muka ce wane aboki? Ya ce, "Shekara nawa kana aikin tuffa, ba ka lura cewa a kowane layi ana tsarma wani iri dabam ba? Wannan ma haka yake. Shi kaɗai ba zai haihu ba." Kunya ta kama mu, domin gaskiya ya faɗa: mun san abin a gonar mutane, mun manta da shi a bayan gidanmu.

Bayanin abin shi ne, furen nashi yana da namiji da mace a wuri ɗaya, amma macen ba ta karɓar garin furen itacen da ta fito daga jikinsa, ba ta kuma karɓar na wani itacen in irinsu ɗaya ne. Ko Hosui goma ka jera, a wajen haihuwa kamar guda ɗaya ne. Har akwai iri biyu, Kosui da Shinsui, da kusancinsu ya yi yawa, ba su iya yi wa juna amfani. Sai an sami wani iri dabam mai fure a lokaci ɗaya, kamar Shinseiki ko Chojuro, ko puwar ɗin Turai da ake kira Williams, ƙudan zuma su ɗauko garinsa su kawo. A Japan manoma da yawa ba su dogara ga ƙudan zuma ba, da hannu suke bin furen ɗaya bayan ɗaya da ɗan tsinke mai gashin tsuntsu a kai. Da muka ba Malam wannan labari ya fahimta nan take, ya ce, "Ai aikin dabino ke nan. Kai ma ka sha hawa ka sa wa macen zangarniyar namiji." Wannan ne karo na farko da ya yi wa itacen magana mai tsawo.

Dattijon nan, wanda yaranmu suka fara kira Papi, yana da tsohon Williams a garkarsa da ke can bayan gari, nesa da inda ƙudan zuman unguwarmu ke kaiwa. A watan Maris na 2021 ya zo da wuƙarsa da ɗan reshe mai kaurin alƙalami, ya tsaga wani reshen itacenmu ya cusa, ya ɗaure, ya shafe da danƙo. Ya ce sai reshen ya yi shekara biyu ko uku kafin ya yi fure, kafin nan kuwa akwai dabara. Da furenmu ya buɗe a farkon Afrilu, sai ga shi da bokiti cike da ruwa, da rassan Williams masu fure a ciki, ya ajiye a gindin itacen. Kwana biyu muna kallon ƙudan zuma suna kai da kawowa tsakanin bokiti da reshe, muka ce bana kam an dace.

Ashe da sauran rina a kaba. Daga 6 zuwa 8 ga Afrilun 2021, mako guda kafin azumi, wani sanyi ya sauko wa Faransa wanda ya yi wa gonakin inabi da na itatuwa ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba. A gonar da muke aiki mun kwana muna kunna manyan kyandira a tsakanin layuka. Da asuba muka dawo gida, ma'aunin da ke rataye a shinge yana nuna digiri 4 ƙasa da sifiri, alhali buɗaɗɗen fure kan fara mutuwa tun daga wajen digiri 2 ƙasa da sifiri. Muka tsaga fure ɗaya da farce, cikinsa ya yi baƙi. Muka tsaga goma, duk haka. Mun tsare na mutane, namu ya ƙone.

Abin mamaki a nan shi ne, itacen da sanyi ya yi wa wannan ɓarna ba ya rayuwa sai da sanyi. Idan ya zubar da ganye a ƙarshen shekara, idanunsa sukan yi barci mai nauyi, kuma ba su farkawa sai sun tara ɗaruruwan sa'o'i a cikin sanyin da ke tsakanin sifiri da digiri 7. In adadin ya cika, ɗumi ya zo, sai su buɗe gaba ɗaya. In bai cika ba, wasu su buɗe yau, wasu bayan wata guda, wasu su bushe a rufe. Sanyin Disamba da Janairu abincinsa ne, na Afrilu kuwa, bayan ya riga ya farka, shi ne ajalin furensa. Wannan bayani mun riƙe shi a zuci ba mu gaya wa Malam ba, kuma za ku ga dalili a gaba.

A farkon Afrilun 2022 sanyin ya sake leƙowa, amma wannan karon mun shirya. Muka lulluɓe itacen da farin mayafin lambu ninki biyu tun kafin magariba, muna buɗewa da hantsi don ƙudan zuma su samu shiga. Papi ya sake kawo bokitinsa. Zuwa tsakiyar Mayu rassan sun cika da ƴaƴa masu girman kurna, mun ƙirga sun haura 140. A nan ne muka yi gardama ta farko da dattijon. Ya ce kowane gungu yakan fito da fure bakwai ko takwas, amma ɗa ɗaya tak ake bari, a kuma bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da na gaba, domin ɗa ɗaya yana buƙatar ganye kusan 30 su ciyar da shi. Watau a cikin 140 ɗin nan, mu tsinke kusan ɗari mu zubar.

Hannunmu ya ƙi. Mu da aka rene mu a gidan da ake tsince ƙwayar gero in ta zube, shekara uku da rabi muna jira, sa'an nan a ce mu zubar da abin da Allah ya bayar? Uwargida ma ta goyi bayanmu. Papi ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Itacenka ne. Amma yi mini alfarma ɗaya: rage na ɓangaren da ke fuskantar gidana, ka bar naka yadda kake so." Muka yarda. Ya nuna mana yadda ake zaɓe: a cire na can ƙarshen gungu da na gindi, a cire mai tabo da karkatacce, a bar na tsakiya mai doguwar ƙara. A watan Yuni muka sa wa waɗanda aka bari ƴan jakunkunan takarda, kamar yadda ake yi a Japan, don kare su daga tsutsar tuffa da tsuntsaye da zirnaƙon Asiya, wanda ya shigo Faransa tun 2004 kuma ba abin da yake so kamar ɗan itace mai ruwa.

Bazarar shekarar ta zo da fari. A watan Yuli zafi ya kai digiri 40 a yammacin Faransa, hukuma ta taƙaita ban ruwa a lambuna. Nashi kuwa ɗansa kusan kashi tara cikin goma ruwa ne, in ya ji ƙishi a lokacin girma ba ya murmurewa. A nan ne tarbiyyar Damagaram ta yi mana rana, domin duk wanda ya tashi a garin nan ya san ruwa ɗaya yakan yi aiki biyu. Uwargida ta ajiye bokiti a madafa da wani a wurin alwala. Ruwan wanke shinkafa da na kayan miya da na alwalar gida duka, muddin babu sabulu a ciki, gindin itacen yake tafiya bayan isha'i. Muka kuma rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa mai kauri. Papi ya leƙo ya gani, washegari muka ga shi ma ya fito da nasa bokitin.

A tsakiyar Agusta, da dare, muka ji ƙara. Babban reshen ɓangarenmu, wanda muka ƙi ragewa, ya tsage daga gindi saboda nauyi. Ƴaƴan da suka tsira a wannan ɓangare ba su wuce lemun tsami ba, ga tauri, ga lami. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ɓangaren Papi kuwa ya ba mu guda 21, kowanne ya cika tafin hannu, wasu sun haura giram 300. Dattijon bai ce mana komai ba, sai dai ya zo da zarto ya gyara tsagewar. Ba a banza manoman Japan ke shimfiɗa rassan nashi a kan rumfar waya mai tsawon mutum ba: tana tallafar nauyi, tana kuma kare ƴaƴan daga guguwar teku da ke dukan ƙasarsu a lokacin girbi.

Puwar ɗin Turai ɗanye ake tsinkarsa ya nuna a ɗaki, amma nashi a kan uwarsa yake nuna, in an tsinke shi da wuri haka zai zauna. Alamarsa ita ce koren da ke ƙarƙashin fatar ya gushe, launin goriba ya yi haske, in ka ɗaga shi sama ka ɗan murɗa ya rabu da reshe ba gardama. A farkon Satumba muka yanka na farko, muka raba shida, har da Papi. Yana da ƙarau a haƙori kamar sabon gurji, ruwansa na bin hannu kamar na rake, zaƙinsa ba ya gundura, can kusa da ƙwallon kuma akwai ɗan tsami da ɗan yashi-yashi a harshe, wanda saboda shi mutanen Sin ke kiransa puwar ɗin yashi. Fatarsa ba ta jure bugu, amma a firigo yakan yi makonni bai canza ba.

Guda shida muka naɗe da audugar asibiti muka ba wani ɗan garinmu da zai tafi gida. Malam ya yanka ɗaya bayan la'asar, ya raba wa waɗanda ke zaure, ya kira mu ya ce, "Wannan abu na mai azumi ne." Sa'an nan ya ƙara da abin da muke tsoro: "Na adana ƙwayoyin. Zan shuka a tsakar gida, kusa da randa, in kun dawo ku tarar da shi." Mun san ba zai yiwu ba. Daren hunturu a Damagaram yakan tsaya wajen digiri 14 ko 15, sai jefi-jefi ya sauka ƙasa da haka, watau sa'o'in da itacen ke buƙata ba zai taɓa tara su ba. Ko da ya rayu, tsiron ƙwaya ba ya ɗauko halin uwarsa, kamar dai ƙwallon mangwaro. Amma bakinmu ya yi nauyi, domin a kunnenmu faɗar haka daidai yake da ce wa mahaifi abin da muka dasa a nan ba mai komawa gida ba ne. Sai muka ce, "Allah ya raya, Malam."

Shukar farko ba ta fito ba, domin ita kanta ƙwayar sai ta kwana a sanyi take tsira. Maimakon mu faɗi gaskiya a nan, sai muka ƙara zurmawa: muka ce wa ƙanenmu ya sa sauran ƙwayoyin a jiƙaƙƙen yashi, ya ajiye a firigon wani mai shago wata biyu. Uku suka tsira a Fabrairun 2023. Biyu suka mutu kafin damina, ɗaya ya rayu a inuwar dogon yaro, Malam da kansa ke ba shi ruwa da butarsa safe da yamma. An shirya zai zo ya gan mu a watan Agusta na shekarar, lokacin da ƴaƴan ke gab da nuna, sai al'amuran ƙarshen Yulin 2023 suka faru, hanya tsakanin ƙasashen biyu ta yi wuya, tafiyar ta fasu. Tsiron ya kai gwiwa, ganyensa kullum a ƙone ta gefe, bai san lokacin barci ba, bai san na farkawa ba. Zafin Afrilu da Mayun 2024, wanda duk Sahel ta ji a jika, shi ya ƙarasa shi.

Ranar da ƙanenmu ya aiko da hoton busasshen tsinken, muka kira Malam muka faɗa masa komai: sa'o'in sanyi, da barcin idanu, da cewa tun ranar farko mun sani. Har muka gaya masa yadda manoman ƙasar Taiwan, da ke zaune a wuri mai ɗumi, suka samo dabara tun shekarun 1970: kowace shekara sai su sayo idanun da suka riga suka sha sanyi a Japan ko a kan duwatsu, su aura wa itatuwansu, su girbe, baɗi kuma su sake saye. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, "Wannan ai haya ce, ba noma ba." Muka nemi gafararsa a kan ɓoyewar da muka yi. Ya ce, "Kai kana zaton ban gane ba? Shekara hamsin ina dasa itace. Tun ganyen farko na ga ba na ƙasar nan ba ne. Ina ba shi ruwa ne don daga hannunku ya fito." Muka kasa cewa komai. Can sai ya ce, "Maigidana yana kusa?" Haka yake kiran Abba. Muka ce yana waje. Ya ce, "Tare suka zo duniya da itacen nan, ko ba haka ba? To, ku daina tambayar na wa ne. Nashi ne. Ku kula masa da shi. Amma ku gaya masa akwai mangwaro ɗan aure a garkar Mirya da na ware masa, shi ma nashi ne, kuma ba a aika mangwaro a jirgi, zuwa ake yi a sha a gindinsa."

Shi kuwa Papi, a ƙarshen 2023 ƙafafunsa suka gaza, ƴaƴansa suka kai shi gidan kula da tsofaffi. Aka sayar da garkarsa, sabon mai wurin ya tumɓuke tsohon Williams ɗin. A Afrilun 2024 reshen da ya aura wa itacenmu ya yi furensa na farko, daidai lokacin da babu sauran mai kawo bokiti, kuma tun daga nan shi ke ɗaukar nauyin haihuwar itacen duka. Muna rage ƴaƴan a kan lokaci yanzu, ba sai an roƙe mu ba. Muna kuma duba rassa bayan kowane ruwan bazara, domin Hosui yana da rauni ga wata cuta da ke sa reshe ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, wadda maganinta a yanke reshen can ƙasa da inda ta kai, a goge almakashi da alkol, a ƙone abin da aka yanke. A Satumban 2025 mun tsinki guda 64. Abba ne ya zaɓi manya huɗu ya kai wa Papi da hannunsa, wasu takwas kuma suka kama hanyar Damagaram a cikin auduga, tare da saƙon cewa a ci, a zubar da ƙwayoyin.

Ga ƴan uwan da ke ƙasashen sanyi, in kuna da fili ko da taku biyar ne, ku dasa, ku nema masa aboki tun ranar farko, ku kuma ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcin da ya riga ku sanin ƙasar. Ga iyayenmu da ke gida kuwa, muna roƙon ku ci gaba da ware wa jikokinku nasu a garka. Muna tara kuɗin jirgi, muna fatan lokacin mangwaro mai zuwa ya same mu a Mirya. Allah ya sada mu da alheri.